Abin da ke cin robar famfon bahon Hajiya

Baho ɗaya ne a gidanmu, kuma a banɗakin Hajiya mahaifiyata yake. Tun da gwiwoyinta suka fara ciwo tsugunawa gaban bokiti ya zame mata aiki, shi ne muka sa aka girka mata bahon wanka da 'yar kujerar roba a ciki, aka kafa famfo mai kai biyu a jikin bango. Na hagu ruwan zafi ne daga hita, na dama ruwan sanyi, a tsakiya kuma akwai ɗan ƙarfen da ake ja sama ruwa ya koma shawa. Shekara 3 famfon nan lafiya lau. A ta huɗun ya fara ɗiga.

Ƙasan baho fanko ne, don haka duk ɗigon da ya faɗa sai ya yi amo, musamman cikin dare da gari ya yi tsit. Hajiya tana tashi nafila, barcinta kuma dama ba nauyi gare shi ba. Ba ta ce mini komai ba. Tsumma ta ninke ta ajiye daidai inda ruwan ke sauka don ya kashe ƙarar, sai maiɗakina ce ta gani ta gaya mini. Da na shiga na tambaye ta, cewa ta yi, "Ƙarar da sauƙi. Ruwan da ke tafiya a banza shi ne yake damuna." Mace ce da ta tashi tana jan guga a rijiya, har yau ruwan alwalarta ba ya wuce rabin buta. A daren na tara bokitin fenti mai lita 20 bayan sallar isha'i. Da asuba ya wuce rabi.

Na kira wani matashi mai gyaran famfo a unguwarmu. Ya cire murfin kan mariƙin, ya kwance sukurun da ke ƙarƙashi, ya zare mariƙin, ya sa sifana ya kwanto kan famfon. Ya nuna mini wata baƙar roba zagayayya a ƙarshensa, wadda suke ce wa washa, ta baje ta tsage. Ya sa sabuwa. Aikin bai kai minti 15 ba, ɗiga ta tsaya cak. Bayan sati 6 ta dawo. Ya sake zuwa, ya ce robar farko ce ba ta da kyau, ya sa wata, ya naɗe kan famfon da farin tef. Wannan wata guda ta yi.

A tsakanin nan kowa a gidan ya koyi murɗe famfon da ƙarfi, don idan aka matse shi sosai ɗigar takan ragu. Nan ne abin ya fara taɓa ni. Wata safiya na tarar Hajiya zaune a bakin baho tana jiran jikanta ya zo ya buɗe mata ruwa, saboda yatsunta sun kasa juya abin da wani ya ɗaure da dare. Saboda haka da matashin ya kawo shawarar a cire tsofaffin kawunan gaba ɗaya a sa na zamani, waɗanda kwata ɗin zagaye kawai ake juya su su buɗe ko su rufe, ban yi jayayya ba. Aka sa. Hajiya ta ji daɗinsu ƙwarai. Wata 2 suka yi, ɗiga ta dawo, kuma a wannan karon da wani sabon hali: wani lokaci a hankali, wani lokaci da sauri kamar ana korarta.

Ruwa ba ya tsami banza. Gyara uku a ƙasa da shekara, a wuri ɗaya, ya isa ya nuna cewa abin da ake canjawa ba shi ne mai laifin ba. Na yanke shawarar ba zan kira kowa ba sai na yi sati guda ina lura da kaina.

Abu na farko da na so in tabbatar shi ne ta ina ruwan yake fita. Na goge famfon tas, na naɗa takardar goge hannu a gindin kowane mariƙi, na naɗa wata a inda famfon ya haɗu da bango, na bar su suka kwana. Da safe duk a bushe suke. Na zagaya ta ɗakin da ke bayan bangon, na shafa, babu danshi, fenti bai kumbura ba. Hankalina ya ɗan kwanta, don yoyon cikin bango shi ne mai sa a fasa tayil. Ta baki kawai ruwan ke fita. Sai tambaya ta biyu: wane ɓangare ne, tunda zafi da sanyi baki ɗaya suke bi? Na rufe bawul ɗin da ke kai ruwa cikin hita, na kashe wutarta. Ɗiga ta ragu amma ba ta tsaya ba. Ke nan na sanyi yana yoyo, na zafi ma yana da nasa kason. Abu na uku na gano shi ne a dare na huɗu, ina zaune a ƙofar banɗakin aka kawo wuta. Ba a daɗe ba ɗigar ta ƙara sauri, da na tara hannu bayan kamar rabin awa na ji ruwan da ɗumi-ɗumi. Abu biyu ne ke tashi idan an kawo wuta: hita, da ɗan injin ƙara ƙarfin ruwa da muka sa a ƙarƙashin tanki. Duk na rubuta a bayan wata takarda.

Wani maƙwabcinmu da muke sallah tare ya haɗa ni da wani dattijo da ya tsufa a aikin famfo. Ya zo ranar Asabar da tsohuwar jakar buhu a bayan keke. Na karanta masa abin da na rubuta, yana ji yana gyaɗa kai. Bai taɓa famfon ba tukuna. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Alhaji, ina tsofaffin robobin da aka ciccire?"

Allah Ya sa Hajiya ba ta zubar da kaya. Suna cikin gwangwanin madara a kan tagarta, har da tsofaffin kawunan biyu. Ya jera robobin a tafin hannunsa, ya fito tsakar gida wurin haske, ya ce in duba. Kowacce tana da tsaga guda ɗaya siririya, daga ciki zuwa gefe, kamar an ja reza. Iri ɗaya sak.

"Roba ba ta yanka kanta," in ji shi. "Akwai abin da take zama a kai."

Kafin ya kwance komai sai da ya bi tsari, kuma na lura da kowane mataki don ina so in iya da kaina. Ya sa na kashe wutar hita da ta injin, na rufe babban bawul na ƙarƙashin tanki, ya buɗe kawunan biyu ruwan da ke cikin bututu ya tsiyaye. Ya toshe ramin bahon da tsumma, ya ce ƙaramin sukuru idan ya faɗa can ya tafi ke nan. Ya naɗa ƙyalle a jikin famfon don kada sifana ta ƙwarzane shi. Da zai murɗa, sai ya sa ni na riƙe jikin famfon gam da hannu biyu, ya ce duk ƙarfin da aka sa a sifana idan ba a tare shi ba mahaɗar da ke cikin bango yake tafiya, mutum ya zo gyaran ɗiga ya koma da fasasshen bututu.

Da kan ya fito ya haska tocila cikin ramin. A can ciki akwai wani zobe na tagulla, ɗan tudu zagayayye, ta tsakiyarsa ruwa ke shigowa. Shi yake kira kujera, don a kansa robar ke zama ta toshe ruwa. Ya ce in zura ɗan ƙaramin yatsana in zagaya da farce. Na zagaya, sumul, sumul, sai farcena ya faɗa wani ɗan gurbi. Ido da ƙyar yake ganinsa, amma farce bai ɓata ba.

Ya yi mini bayani yana zaune a bakin baho. Ranar da ɗiga ta fara, ruwa ya samu 'yar hanya tsakanin roba da tagulla. Ruwan da ke matsuwa ta ƙaramar kafa da ƙarfi, balle yana ɗauke da yashi, cin ƙarfen yake a hankali, yadda ruwan damina ke fara ɗan layi a gona ya mayar da shi kwazazzabo. Idan aka sa sabuwar roba, tana da laushi, sai ta cike gurbin na 'yan makonni. Ana murɗawa ana matsewa, bakin gurbin yana yankarta, har ta tsage. Matsewar da muke yi da ƙarfi kuwa ƙara saurin yankan take. Na ce, "To Baba, ai na zamanin nan ba su da washa." Ya juyo mini da gindin wanda ya ciro. Akwai roba shuɗiya a ƙasansa, kuma a kan wannan kujerar dai take zama. Sabon kai aka ɗora a kan tsohon rauni.

Kujera iri biyu ce, in ji shi. Idan ka haska ka ga ramin tsakiyarta mai kusurwa 6 ne ko 4, to kwancewa take, sai a sa makulli a ciro ta a sa sabuwa. Idan ramin zagayayye ne, to jiki ɗaya suke da famfon, sai dai a goge ta. Tamu zagayayya ce. Ya ciro wani ƙarfe daga jakarsa, mai mariƙi a sama da faifai mai haƙora a ƙasa, ya ɗaura shi a gurbin kan famfon don ya tsaya a miƙe. Ya juya sau uku a hankali, ya ciro, ya haska. Ya mayar, ya juya sau biyu, ya sake dubawa. Haka ya yi ta yi kusan sau biyar. Na ce me ya sa ba zai yi gaba ɗaya ba. Ya ce tagullar da aka ci ba ta dawowa. Idan kujera ta yi ƙasa da yawa, kan famfon ba zai kai gare ta ba, sai sayen sabon famfo. Da ya gama zoben yana ƙyalli ko'ina, farcena ya zagaya bai tsaya ba. Ya duba ta ɓangaren zafi, ita da ɗan kaushi kawai, juyi biyu ya ishe ta.

Sai ya ce in je in buɗe babban bawul na ɗan lokaci, kawunan suna cire, don ruwa ya wanko garin tagullar. Ya tara farar roba a gaban ramin. Da ruwan ya kwanta muka tsiyaye, abin da ya rage a ƙasa ba garin tagulla kaɗai ba ne. Yashi ne, ja-ja, mai laushi, ya kai rabin ƙaramin cokali, da guntayen farin tef ɗin da aka naɗa a baya.

Baba ya ɗauki kan zamanin nan na ɓangaren sanyi, ya ɓantare robar ƙasansa, ya zazzago wasu faifai biyu farare kamar maɓallin riga. Na tangaran ne mai tauri, an goge fuskokinsu sumul har idan ka jiƙa su ka haɗa sai su manne da juna. Ɗaya a tsaye yake, ɗaya yana juyawa a kansa. Idan ramukansu suka haɗu ruwa ya wuce, idan suka saɓa ya tsaya. Ya karkata ɗaya wajen rana, sai ga wani layi siriri ya ratsa fuskarsa. Ƙwayar yashi ce ta shiga tsakaninsu aka murɗa a kanta. Wannan ba shi da gyara, sai canji. Ya ce irin waɗannan kawunan suna daɗewa ƙwarai idan ruwa mai tsabta ne, amma ba sa shiri da yashi ko kaɗan.

"Yaushe rabonku da wanke tanki?"

Gaskiya tun da aka ɗora shi ba a taɓa ba. Muka hau. Tanki ne baƙi mai lita 2,000 a kan ƙarfe. Da muka buɗe murfin na haska, ƙasansa laka ce kwance, na zura sanda ta nutse kusan tsawon yatsa, kuma bakin bututun da ke kai ruwa cikin gida yana dab da ita. Ruwan rijiyar burtsatse muke sha. Baba ya ce a bazara, wajen Maris da Afrilu, idan ruwan ƙasa ya ja baya, injin rijiyar yakan jawo yashi fiye da kullum, kuma duk sanda ake tura ruwa cikin tanki lakar tana tashi, wanda ya buɗe famfo a lokacin ita zai ja. Na tuna ɗigar farko a bazara ta fara. Ragowar ranar a wankin tanki ta ƙare, ni da yara biyu da tsintsiya da bokiti. Washegari ya ɗaura matatar ruwa a kan bututun da ke shiga gida, irin mai tsawon inci 10 da gida garai-garai, wadda ana ganin dattin da ta tare daga waje.

Batun injin ƙara ƙarfi bai ɗauke mu lokaci ba. Mun sa shi ne shekara guda kafin matsalar, don shawar Hajiya ba ta da ƙarfi. Tankinmu bai fi mita 6 sama da famfon ba, kuma kowace mita 10 ta tsayi ita ke ba da abin da suke kira "bar" 1 a agogon awon ƙarfin ruwa. Wato da can famfon ɗan sama da rabin "bar" yake ɗauka. Agogon injin kuwa yana nuna kusan 4. Lafiyayyen famfo zai ɗauki wannan, amma duk inda ke da rauni sai ya tona shi. Ya sassauta saitin zuwa wajen 2 da rabi, shawar ba ta rage komai da za a ji ba.

Hita ce ta tayar mini da hankali. Tamu mai lita 50 ce, a rataye a saman bango. A ƙasanta, kan bututun da ruwan sanyi ke shiga, akwai wani ɗan bawul na tagulla mai ɗan ƙaramin baki a gefe. Baba ya taka kujera ya duba, sai na ga fuskarsa ta canja. An cusa wani abu a bakin an shafe shi da gam mai tauri.

"Wa ya yi wannan?"

Na tuna. Ni ne na yi ƙorafi tun farko cewa wurin yana ɗiga a kan tayil, ina tsoron kada Hajiya ta zame, wanda ya zo aiki a lokacin ya toshe shi, ni kuma na gode masa. Baba ya sauko ya ce, "Alhaji, wannan ɗigon ba yoyo ba ne. Numfashin hita ne." Ruwa idan ya yi zafi ƙaruwa yake. Lita 50 idan aka dafa ta daga sanyi zuwa digiri 60, ƙarin ya fi rabin lita. Bawul ɗin nan ba ya barin ruwa ya koma baya ta inda ya shigo, don haka ƙarin ta wannan ɗan bakin aka tsara ya fita. Da aka toshe shi, sai ruwan ya nemi wuri mafi rauni, ya samu kan famfon zafi na baho. Shi ya sa ɗigar ke ƙara sauri da ɗumi idan an kawo wuta. Sannan ya faɗi abin da ya sa jikina ya yi sanyi: da abin da ke kashe hitar idan ta yi zafi ya lalace wata rana, ga baki a toshe, ga famfo a gyare ba ya ɗiga, tukunyar tana iya fashewa. A banɗakin da mahaifiyata ke shiga ita kaɗai ta rufe ƙofa. Ya ce kada a kunna ta sai an canja bawul ɗin. Kwana biyu a tukunya aka dafa wa Hajiya ruwan wanka.

Ranar Litinin muka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsofaffin kayan a aljihu. Baba ya ce kan famfo ba a sayensa da baki, sai an ɗora tsoho kusa da sabo. Abin da yake dubawa: kaurin wurin ɗaurawa, namu rabin inci ne, tsawonsa daga wuya zuwa roba, yawan haƙoran sandar da mariƙi ke shiga, ya ƙirga namu da farce ya samu 20, da kuma ɓangaren da yake juyawa ya rufe, don akwai mai rufewa dama akwai mai rufewa hagu. A shagon farko aka ba mu wani da ya yi kama sosai, da ya jera su a kan kanta sai ga sabon ya ɗan fi tsawo, ya mayar. A na uku muka samu daidai, mai jar roba da mai shuɗiya. Ya auna su a tafin hannu, ya zaɓi masu nauyi. Muka sayi sabon bawul ɗin hita, da ɗan siririn tiyo, da zoben roba na ƙarfen shawa tunda an riga an buɗe, da ɗan man silikon. Na ce akwai basilin a gida. Ya ce basilin da giris ɗin mota kumbura irin wannan robar suke, ta yi laushi ta lalace.

Wajen mayarwa bai sa farin tef ko kaɗan a kawunan ba. Ya ce tef na mahaɗar bututu ne, shi kan famfo da zoben robarsa yake toshewa, kuma ɗigar baki ba ruwanta da tef. Ya fara ɗaurawa da hannu har ya tsaya, sannan ya ɗan ƙara da sifana, kaɗan. 'Yar ragar bakin famfon da farin dattin ruwa ya toshe, ya jiƙa ta a ruwan khal ta wanku. Ya ɗaura bawul ɗin hita, ya sa tiyon a ɗan bakin ya sauko da shi ta jikin bango. Muka buɗe ruwa a hankali, famfunan suna buɗe, iska ta yi ta tusowa. Sai da ruwa ya zubo ta ɓangaren zafi a miƙe ba yankewa sannan ya ce a kunna hita, don idan aka kunna ta ba ta cika ba ƙarfen da ke dafa ruwan ƙonewa yake.

Kafin ya tafi ya gaya mini kada in firgita idan na ga ɗigo biyar ko goma bayan an rufe, ragowar ruwan da ke cikin baki ne da tiyon shawa. Ya ce in jira minti 10, in goge bahon ya bushe, in shimfiɗa takarda a ƙarƙashin bakin, in bar hita da injin a kunne su kwana. Allah Ya sa daren an bar wuta. Da asuba kafin in tafi masallaci na shiga da tocila. Takardar a bushe take ƙayau.

Yau wata 8 ke nan. Abin cikin matatar na farko sati 3 kawai ya yi ya koma ja kamar bulo, na canja shi da kaina. Na biyun ya fi daɗewa sosai. Na sa wankin tanki sau biyu a shekara, kafin bazara da bayan damina. Yara sun daina murɗa famfo da ƙarfi, Hajiya da yatsa biyu take rufe nata. Tiyon hitar kuwa da na nufi ramin banɗaki da shi, ta ce a'a. Ta sa masa wani tsohon kwanon sha a ƙasa, bakin tiyon yana sama ba ya taɓa ruwan, kullum da hantsi ta ɗauka ta zuba wa na'ana'arta da ke cikin tukunya a bakin ƙofa.